Zo Ki Warware Hular da Na Saƙa

Ruƙayya ta sauka! Inde, autarmu ta sauka lafiya, namiji ne, yana da rai, yana kuka, yana kama nono, yau kwanansa huɗu a duniya! Huɗu, Inde! Ƙirga da yatsunki. Ran Juma'a ya faɗo, ana saukowa daga masallaci. Asabar ta zo ta wuce, Lahadi ta zo ta wuce, Litinin ta bi su, ga mu yau Talata, yana nan a gefen uwarsa yana wutsil-wutsil kamar karfasar da aka fiddo daga koma. Alhamdu lillahi! Dubi yadda rubutuna ya karkace ya bar layi. Ba laifin alƙalamin bik ba ne, murna ce.

Kin gani, har na manta da sallama. Assalamu alaikum, Indena, uwar ɗiyata, abokiyar tsufana. Gaisuwa gare ki, gawona mai ɗanyen ganye a tsakiyar rani, mai tsayawa kore shar lokacin da kowane icce ya tuɓe. Gaisuwa gare ki, furen bado a kan tabkinmu da hantsi, ruwan randa bayan tafiyar rana, ƙamshin ƙasa a yayyafin farko, inuwar da nake komawa tun gashina na baƙi. Ina kwananki a Gabi? Yaya sanyi? Yaya yayanki Ɗan Baba da ƙafar tasa, yaya iyalinsa? Ni dai, in har za ki tambaya, na gaji. Ina cikin murnar da ban taɓa yin irinta ba, amma na gaji, Inde, gajiyar da ta shiga ƙashi. Murna ma kaya ce, kuma ban saba ɗaukar kaya ni kaɗai ba. Wata goma sha biyar ke nan ina juyawa in gaya miki magana, sai in ga tabarma.

Na kira salularki har na daina ƙirgawa, ba ki ɗauka. Shi ya sa na yago takardu daga tsohon kayena, littafin rubutuna na makarantar yamma, makarantar da ke kika tura ni ina da shekara hamsin da bakwai, kika ce kin gaji da karanta mini takardar magani. Na zauna cikin samari suna dariyar yadda nake riƙe alli kamar mai riƙe ƙoshiyar saƙa. Ashe saboda yau kika tura ni. Na san kin ce wa Ruƙayya kada a gaya miki komai sai an yi suna an watse. Na karya maganarki da gangan. Ki karanta a hankali da yatsanki a kan layi, yadda kika saba, kada ki ninke takardar sai kin kai ƙarshe, don akwai abin da ban taɓa gaya miki ba a ciki.

Kin tuna ranar da kika sace mini zare? Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ina zaune a masaƙata ƙarƙashin tsamiyar da ke hanyar tabki, saurayi mai ji da kansa, ban san wani launi ba sai fari da shuɗin baba, su na gada wajen ubana, shi ma su ya gada. Kika zo wucewa da tulu a ka, kika tsaya, kika daɗe kina kallon abin da nake saƙawa. Ni kuwa sai ƙara jefa ƙoshiya nake da ƙarfi, a zatona burge ki nake yi. Sai kika ce, “Masaƙi, ku garinku ba a damina ne?” Kafin in lalubo amsa kin durƙusa da tulun a kanki, ko ɗigo bai zuba ba, kin ɗauke curin shuɗin zarena guda, kin yi gaba abinki. Kwana biyu ina cika ina batsewa, ina shirya ƙarar da zan kai gidanku. A na uku kika dawo kika aza shi a kan gwiwata. Hannuwanki rawaya har wuyan hannu. Zaren kuwa, Inde, har yau ban sami kalmarsa ba, ko a makarantar yamma ba a koya mana ita ba. Kamar an ɗauko gonar gero mai kwana goma da tsira an naɗe ta a curi! Kika ce kakarki ta Safo ce ta koya miki dafa saiwar rawaya a tsoma shuɗin zare a ciki. Kika ce, “Shuɗin naka ne, rawayar tawa ce. Koren kuma ban san na wa ba ne, sai ka je ka tambayi babana.” Na je kuwa, amma ba da ƙara ba.

Tun daga ranar babu zane, babu gwado, babu majanyin goyo da ya sauka daga masaƙata ba tare da ratsin korenki a tsakiya ba. A kasuwa ba a neman Illo, sai dai a ce ina mai ratsin kore. Ni da na taso na ɗauka kore ɗaya ne a duniya, ke kika buɗe mini ido. Kika nuna mini koren zogale daban, koren salati a garka daban, koren gansakuka a bakin tabki daban, na ganyen bado da safe ba ɗaya yake da na ganyen bado da la'asar ba. Da aka tara mata aka koya muku saƙar ulu da tsinke biyu, sai abin ya ƙaru. Ki tsinki ganye ki ƙulle a bakin zane, ki shiga mota har Maradi, ki sa mai shago ya sauko da ulunsa duka kina gwadawa da ganyen, ki ce wannan ya yi duhu, wannan ya yi tsanwa da yawa, wannan koren marar kunya ne. Ni ina tsaye a ƙofar shago ina jin nauyin mutumin, a raina kuwa ina cewa, duk Maradi wa ke da mace irin tawa?

Yanzu bari in zo inda nake ta kewayewa. Kin san maganar, amma zan rubuta ta, don ban taɓa faɗinta da bakina yadda take ba.

Sau uku Ruƙayya ta ɗauki ciki a gidan mijinta Hassan, sau uku muka tashi hannu wofi. Na farko da na biyu ba su zo da numfashi ba. Na uku ya kwana biyu, ya riƙe yatsana, ya koma. Kowane karo, tun ciki na wata biyar, kike zama a bakin ƙofa da tsinkayenki kina saƙa hula koriya, ƴar mitsitsiya kamar ɓarin lemo. Ba kya ɓoyewa, har waƙa kike yi. Mata kuwa suna gani. Kin san abin da ake cewa a garin nan, wai ba a yi wa ciki kaya, wanda ya yi ya jawo ido, ya yi gaggawa a gaban Allah. Yayata Hajiya ce ta fara faɗa a hankali tun a na farko, a na biyu maƙwabta suka ɗauka, a na uku maganar ta cika unguwa. Ranar da muka dawo daga binne shi na shigo tsakar gida, mata cike, ƙasar kabari ba ta bar ƙafata ba. Na gan ki zaune da hular a cinya, hular da bai ma samu ya sa ba don ba ki gama tuntunta ba. Na fizge ta. Na kama bakin zaren na ja, na ja, na yi ta ja, har aikin wata guda ya zama tulin ulu a ƙasa. Na ce, a gaban yayata, a gaban maƙwabta, a kunnen ɗiyarki da ke kwance a ɗaki tana ji, sau uku kina saƙa, sau uku muna haƙa.

Wayyo bakina! Wace irin wuta ce ta fito daga cikinsa ranar? Me ya sa harshena bai bushe ba tun a maƙabarta? Da kin zage ni, da kin ɗauki muciya kin rafka mini, da tuni an wuce wurin. Ba ki yi ko ɗaya ba. Kika dubi hannuwanki, kika juya su, kika sake dubawa, kamar wani ya ba ki ajiyarsu. Bayan sati biyu kika soke tsinkayenki a jikin zana, kika ce za ki Gabi duba ƙafar yayanki. Na ɗauka yaji ne, na ce kwana goma za ta huce. Sau biyu na je biko. Kika gaishe ni da ladabi, kika sa aka kawo mini fura, hannuwanki cikin mayafi har na tashi. Ban gane ba. Sai da Ruƙayya ta sake samun ciki ta kira ki, ina gefe ina ji, kika ce mata, “Kada ki gaya mini wata nawa, kada a gaya mini rana. Hannuna ba shi da kyau a kan jikokina. In Allah ya raya, na gan shi in ya yi wayo.” A nan na gane. Ashe ba fushi kike yi da ni ba, Inde. Gaskata ni kika yi. Shekara arba'in kina gardama da ni a kan gishirin miya da ranar shuka, sai a wannan magana guda, ƙarya tsagwaronta, kika yarda da ni!

To, ga abin da ban gaya miki ba. Ki zauna in kina tsaye.

Na riga ki. Duk sau ukun nan na riga ki. Ke sai wata biyar kike ɗaukar tsinke, ni tun wata huɗu nake yin wadari, ina jera zaren da zan ɗora a masaƙa. Ina tsakurar koren da kika rina don zannuwan mutane, kaɗan-kaɗan yadda ba za ki lura ba, in saƙa majanyin da za a goya jikana, in ce miki na wata mata ce daga Safo. In na gama in naɗe shi in hau rumbu in tura ƙarƙashin damman gero, inda na san mace ba ta leƙawa. Uku, Inde. Ranar da nake tsaye a kanki ina warware hularki, majanyina na uku na kwance a rumbu, taku goma daga inda kike zaune. Na sani, kuma saninsa ne ya sa na ja zaren nan da ƙarfi haka. Tun a maƙabarta zuciyata ke cewa kai ne, kai ne, kai ne. Na kasa ɗauka. Na shigo na ga inda zan sauke, na sauke a kanki, ke da kika yi naki a fili don ba ki ga abin kunya a son jika ba. Wane irin namiji ne wannan? Wane irin masaƙi ne zai ga ɓaraka a zanensa ya je ya yaga na matarsa?

Ki ji sauran, don shi ne maganin. Wannan karon ma na yi. Ba kya nan, ba wanda ya taɓa tsinke, ba wanda ya sayi ko ƙyalle, gidan nan shiru kamar ba ciki. Ni kuwa da wata huɗu ya cika hannuna ya ƙi jin magana. Na ja wadari, na aza dutse a kan kunkurun masaƙa mai ɗaure zare, na saƙa ƙwarya huɗu, dogayen ƙyallayen da ake ɗinkewa su zama majanyi, fari da shuɗi, ina yi ina istigfari. Ga shi kuwa yaro ya zo, ya kwana huɗu, yana tsotso har uwarsa na cewa wash! In da yi wa ciki kaya ke kashewa, ina wannan zai tsira, ga kakansa ya sake yi? Ungozomar likita, mace mai faɗa amma mai gaskiya, ta ce jinin Ruƙayya ke hawa idan ciki ya tsufa. Wannan karon Hassan ya riƙa barin jirgi da koma yana kai ta awo, ana ba ta magani, da lokaci ya matso suka riƙe ta a can sati biyu. Na cire kunya, da gemuna fari, na tambayi matar nan batun hula. Ta sauke tabarau ta dube ni ta ce, “Baba, da hula na kashe jarirai, ai da tuni mun hana sayar da ulu.” Rai na Allah ne, Inde, shi ke bayarwa, shi ke karɓa. Babu komai a hannunki sai alheri. Hannun nan ne ya wanke uwata a ciwonta na ƙarshe, shi ya shafa bayana shekarar da na yi jinya, shi ya raini Ruƙayya har ta zama uwa yau. Ki fiddo shi daga mayafi, don Allah.

Kada ki ce magana ce kawai ta takarda. Yau da safe na hau rumbu, gwiwoyina na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na fiddo majanyun nan uku. Ɓera ya ci gefen na farko, sauran suna nan lafiya, korenki bai koɗe ba ko kaɗan. Na shanya su a kan igiyar tsakar gida, daidai inda kika zauna ranar. Hajiya ta fito daga bayan ɗaki, ita ke dafa wa Ruƙayya ruwan wankan jego tun da aka sallamo su. Ta tsaya ta ce, “Illo, waɗannan fa? Na wa ne?” Na ce, “Na jikokina uku ne, Yaya. Tun suna wata huɗu a ciki na saƙa.” Ta nemi turmi ta zauna. Sannan ta ce, “Kai ko Allah ya shirye ka, tsohon banza. Ka bar baiwar Allah ta ɗauki kayan nan ita kaɗai?” Can kuma ta share ido da bakin zane ta ce, “Ni ma da bakina a ciki.” Ta ce in gaya miki ta tuba, kuma bayanta ya gaji da ɗaukar tukunyar ruwan zafi, ki zo ki karɓi ɗiyarki. Kafin azahar mata shida sun shigo barka, kowacce ta tambaya, kowacce na ba ta amsa ɗaya. Suna nan a igiya. Ba zan sauke su ba sai kin gani.

Majanyi na huɗu kuwa yana nan bai haɗu ba. Ƙwarya huɗu na naɗe, ta tsakiya babu, don koren da kika bari ya ƙare tun bara. Na ce me zai gagare ni? Na ɗauki fartanya na shiga daji na tono saiwar rawaya, na daka, na dafa, na tsoma shuɗin zare. Na farko ya fito kamar taɓon bakin tabki. Na ƙara kanwa, na biyu ya fito kamar kashin shanu. Na uku ban ma san sunan launinsa ba, akuya ta shinshina ta kau da kai. Na zauna a gaban tukunyar, hayaƙi na cin idona, na gane wani abu da ya fi ɓarnar zaren ciwo. Shekara arba'in da ɗaya kina yin koren nan a tsakar gidana, ina karɓa ina sa wa a masaƙa, ana yabona a kasuwa, ban taɓa tsugunawa kusa da ke na ga yadda kike yi ba. Me kike zubawa? Sau nawa kike tsomawa? A inuwa kike shanyawa ko a rana? Ban sani ba. Shuɗi kawai gare ni, hasken idona, shuɗi tuli guda, ga shi nan rataye yana jiran rawayarki kamar gonar da aka share tana kallon gabas.

Saura magana guda, ita ce ta gaggawa. Sanyin bana ya sauko da ƙarfi, da asuba iskar tabki har cikin ɗaki take shiga, yaro kuwa ya zo duniya ba shi da ko hula, don tsoro ya hana kowa tanadi. Ranar Asabar, yana kwana ɗaya, Ruƙayya ta kira ni bakin gadonta ta ce, “Baba, ina ulun nan na Inna?” Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma ita ta san ubanta. Ranar da na warware hularki, bayan mata sun watse, na tsince ulun daga ƙasa na kakkaɓe, na naɗe shi curi, na sa a gwangwanin da nake ajiye takardun gona. Ta ce shi take so a kan ɗanta, ba na shago ba. Na ce wa zai saƙa? Ta ce, “Kai ba masaƙi ba ne?”

Inde, kada ki yi dariya. Ko kuwa ki yi, na fi shekara ban ji dariyarki ba. Na zare tsinkayenki daga jikin zana na koma likita, na zauna a kan benci cikin masu jiran awo, tsoho da rawani da tsinken mata, ina soka nan ina zare can. Kwana biyun nan da nake tsoro, kwana biyun da wancan bai wuce ba, a kan hular nan na yi su. In zuciyata ta ce je ka leƙa ko yana numfashi, sai in ƙara layi ɗaya. Na ɗauka saƙa duk saƙa ce. Ashe ba haka ba ne! Abin da ya fito, gefe guda ya tsuke, gefe guda ya saki, ga huji uku da yatsana ke shiga, bisa kuma ya yi tsini kamar kan rumbu. Hajiya ta ce a rufe bakin tulu da ita. Hassan, da yake suruki ne, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Ruƙayya ta yi dariya har tana riƙe ciki tana cewa in fita kada in kashe ta, dariyar da ban ji daga bakinta ba tun cikin farko. Amma ta sa masa. Tana kansa yanzu haka da nake rubutu, ta rufe masa ido ɗaya, kunne ɗaya a waje yana shan sanyi.

Haka za ki bar angonki? Ai ke ya zo wa, ba ni ba. Ni abokin gaba ya ɗauke ni, in na leƙa sai ya ɓata fuska ya dunƙule hannu. Goshinki ne da shi sak, da ɗan ramin nan na haɓarki. Na yarda ya ƙwace mini ke, na yarda ki riƙa ba shi tsoka ni ki ba ni ƙashi, in dai a gidan nan za a yi. Ran Juma'a za a raɗa masa suna, saura kwana uku. Za a fito da shi gaban dangin Hassan da mutanen unguwa. A hular nan za a fito da shi? Jikan Inde, wadda rabin jariran Madarumfa suka yi suna da hularta?

Ga abin da nake roƙo, ruwan sanyina, damanata, ganyen da bai taɓa bushewa a raina ba. Na naɗe tsinkayenki biyu a cikin takardar nan, su ne kika ji suna motsi. Ulun kuwa ban aiko ba, yana kan jikanki. Sai kin zo da ƙafarki, kin sa hannunki, hannun nan naki, kin cire hular daga kansa. Ki zauna a tsakar gida inda kika zauna ranar, ƙarƙashin majanyun nan uku. Ni zan tsaya a gabanki. Ki kama bakin zaren ki ja, a gaban Hajiya, a gaban maƙwabta, a gaban duk wadda ta ga abin da na yi miki. Ki warware tawa kamar yadda na warware taki, ki faɗi duk abin da kika ga dama, ba zan ɗaga kai ba. Sannan ki saƙa masa ta kirki, ni in riƙe miki curin. Na san hannunki, kafin la'asar kin gama, har da tuntu.

Hassan zai kawo miki takardar nan gobe da safe a kan motonsa mai taya biyu. Na san ba za ki hau bayan surukinki ba ko duniya za ta tashi, don haka zai bar wa Ɗan Baba kuɗin mota, ku taho tare ran Alhamis, a aza masa ƙafar a kan kaya. In kin ce ba za ki kwana a ɗakina ba, na yarda, ɗakin Ruƙayya na nan. In kin ce sai kin shekara ba ki yi mini magana ba, na yarda, na saba yanzu, in dai zan riƙa jin ƙarar tsinkayenki ta bayan zana. Na gaji, Inde. Na gaji da tuwon maƙwabta, na gaji da kallon garkunan bakin tabki suna kore shar ba mai gaya mini sunan kowanne, na gaji da zama mai ratsin kore wanda ba shi da kore. Idona ya fara hazo, ƙoshiya ta fara yi mini nauyi, ban san saura ƙwarya nawa Allah ya rubuta mini ba. Ko nawa ne, da zarenki nake so in ƙarasa. Ban taɓa kallon wata ba tun ranar tulun nan, ba kuma zan fara da farin gemu ba. Naki ne ni a masaƙa, naki a kabari, naki in Allah ya yarda a inda aka ce tufafin mutanenta koraye ne. Ni ne mijinki mai laifi, Illo masaƙi, daga Madarumfa, yau Talata bayan la'asar.

In kin gama, ki karanta wa Ɗan Baba da iyalinsa wannan wurin da ƙarfi, ba na ɓoye komai kuma. Mutanen Gabi, ku zo! A gaya wa dangin Safo su ɗaura wa jakuna amalanke. Masunta abokan Hassan, matan garka, matan unguwarmu da suka ga na farko, kowa ya zo ran Juma'a da hantsi, ƙofa a buɗe take. Ku zo ku ga majanyu uku a kan igiya, ku ji wanda ya saƙa su da lokacin da ya saƙa. Ku zo ku ga hula mafi muni da aka taɓa yi a ƙasar Maradi, ku yi dariya ku more, don ba za ta wuce ranar ba. Ku zo ku ga jikana, yana da rai, yana kuka! Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na hana kowa zama a kai. Ku zo ku ga mai ita.